Kulocin da Na Ce Ita Ta Ƙona

Matata ba ta tuƙa mota, kuma ni ne sanadi. Duk wanda ya tambaye ta sai ta yi dariya ta ce ƙafarta ba ta tuƙi ba ce, nauyi gare ta. Na san inda ta samo wannan magana, don daga bakina ta fito, wata Lahadi da la'asar, a gaban masu sayar da lemo.

A Lugbe muke zaune a lokacin, ɗaki biyu da falo, a shekarun nan da farar hula suka karɓi mulki, kuɗi suka fara yawo a Abuja. Ko'ina ka duba gini ake yi, kowa da salula a kunne, kuma duk ƙaramin ma'aikaci irina da albashinsa ya ɗan motsa sai ya sayi tokumbo, motar hannu ta biyu. Tawa tsohuwa ce, ruwan toka, mai giyar hannu, amma in ka ga yadda nake wanke ta ran Asabar sai ka rantse a leda na ɗauko ta. Shekara uku ina shiga gari da ita kullum ta titin filin jirgi, cikin gosulon nan da ke farawa tun kafin Kuchigoro, a matsa a tsaya, a matsa a tsaya, kafin mutum ya kai ofis ya riga ya gaji.

Ita kuwa ta yi karatun koyarwa tun kafin aurenmu, takardunta na kwance a akwati ƙarƙashin zannuwa. Bayan ta yaye 'yarmu ta fari sai wata makarantar kuɗi a Gwarinpa ta ba ta takardar ɗauka, ajin 'yan shekara bakwai, ta fara da sabon zango. Ranar da ta dawo da takardar sau uku ta karanta mini ita. Matsalar guda ce. Daga Lugbe zuwa Gwarinpa mota uku ake shiga, ga yarinya a baya, makarantar kuma na son malami ya iso kafin bakwai da rabi. Sai na ce ni zan riƙa bin motar ma'aikata, ita ta koyi tuƙi ta riƙe tawa. Da bakina na kawo shawarar, na kuwa ji daɗin kaina ƙwarai, har a ofis sai da na ba da labari don a san ni ɗan zamani ne. Saura sati biyar a koma makaranta muka fara.

Tana da kai, wannan ba zan hana ta ba. Cikin sati biyu ta iya tashin mota ba tare da ta mutu ba, ta iya ribas tsakanin bulo biyu da na jera mata a filin ƙwallon unguwa. Ni ne ban iya koyarwa ba. Ina zaune a gefenta ina taka birkin da babu, ina tsaki, ina riƙe da hambirki kamar za a ƙwace mini. Ita sai ta ce, "Malam, ka saki ranka mana, ai ba rami zan kai ka ba."

A Lahadi ta uku na ce mu hau babban titi. Akwai wani ɗan hawa kafin a fito daga unguwarmu, inda masu lemo da mai shayi suke zama. Ta tsaya a kan hawan ta ba wata tifa hanya, ta sa giya ɗaya, ta ba da wuta. Injin ya yi kuka, motar ta ƙi gaba. Ta ƙara wuta, ya ƙara kuka, sai ga wani wari ya cika motar, irin na gashi da roba in sun ƙone tare. Na bayanmu suka dame mu da ham. Wani daga cikin masu lemo ya ɗaga murya ya ce, "Oga, kuloci ya tafi!" Aka yi dariya.

Dariyar nan ce ta ɗebe ni. Na fito na zagayo na buɗe ƙofarta, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Shi ke nan, kin ƙona mini kuloci! Shekara uku ina tuƙa motar nan lafiya, ke sati uku kin kashe ta. Wannan ƙafar taki mai nauyi ba ta tuƙi ba ce. Sauko!"

Ta sauko. Ta gyara mayafinta, ta miƙo mini makulli da hannu biyu, ta juya ta kama hanyar gida da ƙafa. Masu lemon da suka yi dariya su suka taya ni turo motar har ƙofar gida.

Da na so, da sai in sa a ja ta zuwa gareji. Gaskiya ne an kori makanikai daga bakin titi a lokacin, namu ya koma can bayan gari, kuma wannan ne dalilin da na riƙa ba mutane. Amma ainihin dalilin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu, shi ne so nake ta gani. So nake ta leƙo ta taga ta gan ni kwance a ƙasa cikin baƙin mai, ni da ke zuwa ofis da gogaggun kaya, ina gyara ɓarnarta da hannuna. Ban taɓa kwance abin da ya wuce taya ba, amma fushi ya sa na ga abin kamar wasa.

Muna da wani maƙwabci dattijo, Banufe, tsohon direban tifa, wanda ya yi shekaru yana jido tsakuwa tun garin yana daji. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Kowa Baba yake ce masa, shi kuma oga yake ce mini duk da ya haife ni. Sau da yawa nakan rage masa hanya in zai je asibiti cikin gari. Da na gaya masa niyyata sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Oga, ka taɓa sauke giyabos?" Na ce ai na ga ana yi. Ya yi dariya har da tari, sannan ya shiga ɗaki ya jawo wani tsohon buhu cike da sufanu, da jak guda biyu. Ya ce shi ba zai iya kwanciya ƙasa ba, amma zai zauna ya zama idona.

Ran Juma'a bayan masallaci na je kasuwar kayan mota, wani Bakano ya haɗa mini sabon farantin kuloci da murfinsa da boris a kwali ɗaya. Asabar da hantsi muka ɗaga motar, muka tokare ta da bulo da katako, na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi. Baba na kan kujerar roba da hularsa a gwiwa yana ba da umarni. Cire kan batir. Kwance furofela, dogon ƙarfen nan mai juya tayoyin baya, amma ka yi mata alama da alli tukuna. Cire kik, mai tayar da injin. Kowane noti na kwance sai ya ce in sa a gwangwanin madara daban, kada su gauraya. Wani noti a can saman giyabos ya ci mini kusan awa guda, sufana ta zame na daki ƙarfe da bayan hannu, fata ta sale. Na yi ƙara fiye da yadda zafin ya kai, don na ji motsinta a bakin ƙofa.

Ta kuwa fito. Ta ajiye mana ruwan sanyi da kofi biyu, ta ce, "Sannunku da aiki. Baba, sannu." Ta ga jinin a hannuna, ta koma ta kawo tsumma mai tsabta ta ajiye a inda hannuna zai kai. Tun ran Lahadi ba ta cika magana ba, abinci kuwa kullum sai wanda na fi so. Na sha kunu na karɓi tsumman ban dube ta ba, kuma raina fari tas. Abin da na shirya ke nan, ga shi yana tafiya daidai.

A garin gaggawa na kwance wata 'yar tiyo da bai kamata in taɓa ba, man kulocin ya tsiyaye mini a wuya har cikin singileti. Baba ya ce, "Ka ƙara mana aiki, iska ya shiga. Bar shi, sai gobe." Bayan azahar muka tallafe giyabos ɗin da jak, na yi ta girgiza shi ina ja baya har ya rabu da injin. Ban san yana da nauyi haka ba, saura kaɗan ya sauka a ƙirjina. Na kwance murfin, tsohon farantin ya faɗo hannuna, baƙi ƙirin, sai ƙura yake zubarwa. Na turo su waje na fito ina haki, na ce, "Baba, ga aikin 'yan koyo."

Ya ɗauki farantin ya juya shi a rana. Ya shafa shi da babban yatsa inda ya cinye har kan ƙusoshin da suka riƙe shi, su ma sun yi sumul suna ƙyalli. Ya ɗauki murfin, mai wasu 'yan yatsun ƙarfe a tsakiya, ya nuna mini yadda boris ya ci bakinsu ya yi musu kwari. Ya kaɗa boris ɗin kusa da kunnensa, yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Sannan ya waiga ya tabbata ƙofar gida a rufe take.

"Oga, madam sati nawa yana koyo?"

"Uku."

"Sati uku ba ya cin ƙarfe haka. Ko shekara ɗaya ba ya ci." Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, ya buɗe ƙofar direba. "Zo ka gani."

Robar da ke kan matakin kulocin ta cinye a gefen hagu, har ƙarfe ya fito yana haske. Ta birki da ke kusa da ita kuwa kamar ba a taɓa takawa ba.

"Na shiga motarka sau nawa?" in ji shi. "Ƙafarka ba ya sauka ƙasa. Kana gudu, yana kan kuloci. Gosulo ya tsaya a hawa, ba ka taka birki, kana riƙe mota da kuloci. Na so in faɗa maka tun tuni, na ce mai mota ne, kada in yi rashin kunya. Wannan abu ya mutu da daɗewa, oga. A hannun madam kawai ya faɗi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban yi mamaki ba. Watanni kafin nan, in na sa giya huɗu na ba da wuta a kan titin filin jirgi, nakan ji injin ya ɗaga murya motar ba ta ƙara gudu ba. Nakan ƙaro rediyo. Ko warin nan ma na taɓa jin ɗan burbushinsa sau biyu a gosulo, na ce na motar gaba ne.

"Ka gaya wa madam," in ji Baba.

"Zan gaya mata, Baba."

Da na faɗi haka har zuciyata nake nufi. Na ce bari dai mu gama ɗaurawa tukuna. Sai aka zo wajen saita sabon farantin, wanda dole ya zauna a tsakiya cif, in ba haka ba giyabos ba zai koma ba. Makanikai suna da wani ƙarfe na musamman, mu ba mu da shi. Baba ya ce a samo sanda mai santsi ya feƙe. Muka duba tsakar gida ba mu samu ba. Tana daga kicin ta ji mu, sai ga ta da muciyarta, wadda mahaifiyarta ta sa mata cikin kayan aure. Ta ce, "Ko wannan za ta yi?" Baba ya kalle ni. Ta ce, "Ku yanka, ba komai, ai ni na jawo aikin." Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Na karɓi muciyar na miƙa wa Baba, ya sa wuƙa.

Washegari Lahadi da safe muka mayar da komai, saura fitar da iskar da na sa ta shiga. Wannan aikin mutum uku ne a yadda muke: Baba ya tsaya a gaban mota yana ƙara mai a ɗan kofin, ni ina ƙasa ina buɗe ɗan noti ina rufewa, sai wani ya zauna a kujerar direba yana taka kuloci. Babu kowa a gidan sai ita. Na kira ta.

Ta tsaya a bakin ƙofar motar tana goge hannu da zani. "Malam, ka tabbata? Kar in sake ɓata maka, ga shi sabo ne."

Baba ya daina zuba man, ya zuba mini ido. Ni kuma na zuba wa sufanar hannuna ido. Na ce, "Shiga kawai. Ki dai taka a hankali."

Na koma ƙarƙashin motar. Daga inda nake kwance ina hango ƙasan ƙofar direba, sai na ga takalminta na hagu ya sauko ƙasa shi kaɗai. Cire shi ta yi, don ƙafar ta rage nauyi. Na ce taka, ta taka. Na ce riƙe, ta riƙe. Na buɗe notin, mai ya fito da kumfa, na rufe, na ce saki. Mun yi haka ya fi sau ashirin, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, kuma duk lokacin tana tambaya, "Na yi daidai? Bai yi ƙarfi ba?" Ina kwance fuskata na kallon takalmin nan, maganar tana bakina, gajeriya ce ƙwarai. Amma sai na tuna masu lemo, na tuna yadda na ɗaga murya, na tuna kwana shida ina cin abincin ban haƙuri ina shan ƙamshi. In na ce ni ne, duk wannan sai ya dawo kaina. Na ce wa raina gobe.

Motar ta tashi, giya ta shiga sumul, ban taɓa jin ta da laushi haka ba. Baba ya tattara sufanunsa a buhu. Da zai tafi ya tsaya ya ce, "Oga, aiki bai ƙare ba fa." Na ce na sani. Bai sake tayar mini da maganar ba, don ba mutum ne mai shiga tsakanin miji da mata ba, amma daga ranar ko na tsaya zan rage masa hanya sai ya ce ya gode, yana jiran wani. Shekara na zagayowa 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi garinsu.

Na yi mata tayin makullin, kada in yi wa kaina ƙarya fiye da kima. Amma irin tayin nan ne na baki. Na ce, "In kina so a ci gaba, sai a ci gaba." Ta ce a'a, ta ga wahalar da na sha, ba za ta iya sake jawo mini ba. Ta ce ta yi tunani, mota uku da yarinya ba zai yiwu ba, gara ta mayar musu da takardarsu tun da wuri su nemi wata. Ni na kai ta Gwarinpa ran Laraba, a kan sabon kuloci. Ta shiga da takardar a ambulan, na jira a waje ƙarƙashin wata bishiya, yara na gyaran aji ana jiyo hayaniyarsu. Ta fito ta zauna, ta ce shugabar makarantar mutuniyar kirki ce, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. A duk hanyar dawowa ƙafata ta hagu tana ƙasa, na dasa ta a kan tabarmar mota. A ranar na koyi tuƙi.

Ba ta sake neman aikin koyarwa ba. Haihuwa ta biyo baya, ta kama sayar da zannuwa a gida, wani lokaci ta tara yaran maƙwabta ta yi musu bitar karatu a tsakar gida. Ba ta taɓa yi mini gori ba, don a saninta babu abin gori. Da farko ina cewa gobe, daga baya sai na fara cewa ai abin ya wuce, tono shi sai ya fi ciwo. Na sayo mata sabuwar muciya, ta yi godiya.

Shekara goma sha bakwai aka yi a haka. 'Yar nan da ke goye a lokacin ta shiga makarantar koyon tuƙi, inda har yanzu da mai giyar hannu suke koyarwa. Wata rana ta dawo da yamma ta jefar da jaka, ta ce mota sai mutuwa take yi a hannunta, malamin ya yi mata faɗa a gaban mutane, ita ta fasa. Uwar tana zaune tana tsince shinkafa a faranti. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ki haƙura, ƙafata kika gado. Ni ma sati uku kawai na yi na ƙone wa Abbanki kuloci, ya kwana biyu a ƙarƙashin mota. Ki bari tun kafin ki jawo wa mutane asara."

Na ajiye jaridar da ke hannuna. Na faɗi komai, a gaban yarinyar: farantin kulocin, da robar da ta cinye, da rediyon da nake ƙarowa, da abin da Baba ya ce. Ban yi minti uku ba na gama, har abin ya ba ni haushi, ashe iyakar tsawonsa ke nan.

Ba ta yi faɗa ba. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Wace rana Baba ya gaya maka?"

"Ran Asabar."

"Kafin ka kai ni Gwarinpa ke nan."

"Kafin nan."

Ta ture farantin shinkafar gefe. Sannan ta ce wa 'yar, "Gobe ki koma makarantarku." Ta tashi ta shiga kicin.

Bayan kwana biyu na ɗauki makullin motarmu ta yanzu na ajiye a gabanta. Na ce wannan ba ta da kuloci ma sam, birki ne da totur kawai, sati ɗaya ya ishe ta, ni da kaina zan nemo mata malama mace. Ta dubi makullin, ta turo mini shi da yatsa ɗaya.

"Wannan ai kowa ma zai iya, Malam. Ni waccan nake so in san ko da na iya."

Waccan kuwa mun daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Ta ɗauki mayafinta za ta shiga maƙwabta, har ta kai ƙofa ta juyo.

"Har takalmi fa na cire maka," in ji ta.